Daga Goethe Zuwa Calvino: Abin Da Kwas Ɗin Kwatanta Adabi Ke Nema Wurin Ɗalibi

Kwas ɗin da jami'o'in Turai da Amurka ke kira kwatanta adabi daga Romantisizim zuwa bayan-zamananci yana ɗora wa ɗalibi kaya mai nauyi: rubutun kusan shekara 200, daga wajen 1790 zuwa wajen 1990, cikin harsuna biyar ko shida, a zango ɗaya ko biyu na mako 12 zuwa 14. Jadawalin yakan zo a jere, makonni kaɗan ga Romantisizim, kaɗan ga zahiranci, wato salon nuna rayuwar yau da kullum yadda take, sai zamananci, sannan bayan-zamananci. Da ɗalibi ya ga wannan jeri sai ya ɗauka aikinsa shi ne ya haddace siffofin kowane zamani biyar-biyar, ya zube su ranar jarrabawa. Mai yin haka yana iya tsira da maki, amma bai shiga fannin ba tukuna. Aikin da ake so a koya masa shi ne ya ajiye matani biyu gefe da gefe, daga harsuna ko al'adu daban, ya yi musu tambaya guda ɗaya ƙarama, ya ga inda amsoshinsu suka rabu, ya kuma faɗi dalilin rabuwar. Sunayen zamunan nan kayan aiki ne kawai, kuma sukan karye da zarar an ƙetare iyakar ƙasa da su. A daidai wurin karyewar ne karatun ke da armashi.

Fannin kansa a cikin wannan zamani aka haife shi, shi ya sa malamai ke farawa daga nan. A 1819 Goethe ya fitar da diwanin da ya gina a kan waƙoƙin Hafiz na Shiraz, waɗanda ya karanta cikin fassarar Jamusanci. A Janairun 1827, yana tsakiyar karanta wani ƙagaggen labari na ƙasar Sin, ya gaya wa abokin hirarsa Eckermann cewa lokacin adabin duniya ya zo. Mujallar farko ta fannin ta fito a 1877 a garin Cluj, wanda ke cikin Romaniya a yau, a hannun Hugo Meltzl. Daga baya hanya ta rabu biyu. Faransawa, da suka kafa tasu mujallar a 1921 ƙarƙashin Fernand Baldensperger da Paul Hazard, sun tsaya kan hujja: kada ka ce wane ya ɗauko daga wane sai ka kawo wasiƙa, ko fassara, ko wata shaida ta haɗuwa. A 1958, a taron masana fannin a Chapel Hill ta Amurka, René Wellek ya ce wannan hanya ta mayar da nazarin adabi lissafin shige da ficen kaya tsakanin ƙasashe, an bar matanin kansa ba a karanta ba. Daga nan aka ƙarfafa hanya ta biyu, wadda ta yarda a kwatanta marubutan da ba su taɓa jin labarin juna ba, muddin akwai tambayar da ta haɗa su. Sanin wannan saɓani yana da amfani na aiki. Duk jingar da ɗalibi zai rubuta, ko dai da'awar tasiri take yi ko da'awar kamanci, kuma hujjar da kowace ke nema daban ce.

Agogon kowace ƙasa daban

Makonnin farko su suka fi rikita mutane. Romantisizim ba littattafan soyayya ake nufi da shi ba. Juyi ne na ƙarshen ƙarni na 18 inda marubuta suka juya wa ƙa'idojin da aka gada daga Girka da Rum baya, suka ɗaukaka abin da zuciyar mutum ɗaya ke ji, da ƙarfin ƙirƙira, da daji da duwatsu, da waƙoƙi da tatsuniyoyin talakawa. Wannan bayani daidai ne a dunƙule, sai dai da an ɗauko shekaru an jera, matsala ta bayyana.

A 1798 abubuwa biyu suka fito. A Ingila Wordsworth da Coleridge suka buga Lyrical Ballads, a Jamus kuma 'yan'uwan nan biyu, August Wilhelm da Friedrich Schlegel, suka fara mujallar Athenaeum, wadda ta tsaya a 1800. Na Ingila suna neman waƙa cikin harshen da makiyayi da manomi ke magana da shi. Na Jamus falsafa ce ta cika musu kai, suna rubuta gajerun gutsattsarin tunani da gangan ba su kammala ba. Wordsworth da Coleridge ba su taɓa kiran kansu 'yan Romantisizim ba. Bayansu aka liƙa musu sunan. Faransa kuwa ta makara. Littafin Madame de Staël a kan Jamus, wanda ya kai wa Faransawa waɗannan ra'ayoyi, 'yan sandan Napoleon sun ƙwace shi sun lalata a 1810, sai a 1813 ya fito a Landan. Lokacin da Victor Hugo ya ci nasara da wasansa Hernani a Faris a Fabrairun 1830, manyan mawaƙan Romantisizim na Jamus da Ingila sun riga sun tafi: Novalis ya rasu tun 1801, Keats tun 1821, Shelley tun 1822, Byron tun 1824. A wannan shekara ta 1830 ɗin kuma Stendhal ya fitar da Le Rouge et le Noir, wanda jadawali ke sakawa a farkon zahiranci. Wato a gari ɗaya, a shekara ɗaya, zamani na farko yana kan ganiyarsa, na biyu ya riga ya iso. A adabin Larabci kuma, ƙungiyar Apollo da ake danganta wa wannan ruhi a 1932 aka kafa ta a Alƙahira, shekara 10 bayan fitowar Ulysses na James Joyce, ɗaya daga manyan littattafan zamananci.

Goethe shi ne tarkon da ya fi kama ɗalibai. Mai karatu a Ingila ko Faransa zai same shi a jerin 'yan Romantisizim saboda ƙagaggen labarinsa Werther na 1774. Malamin Jamus kuwa zai ja layi a ƙarƙashin wannan, domin a tarihin adabinsu Werther na wani motsi ne da ya gabaci Romantisizim, kuma Goethe da bakinsa ya ce a 1829 salon gargajiya lafiya ne, na Romantisizim ciwo. Tun 1924 Arthur Lovejoy ya ba da shawarar a daina kiran abin da tilo, a riƙa cewa ire-irensa ne; Wellek ya mayar masa da martani a 1949 cewa akwai zaren da ya haɗa su. Ɗalibi ba sai ya raba wannan gardama ba. Abin da ake so kawai, duk inda ya rubuta sunan zamani ya biyo shi da ƙasa da shekara. "Romantisizim na Jena a 1798", wato na garin Jamus da su Schlegel suka taru, magana ce da za a iya karewa. "Marubutan Romantisizim sun yi imani da kaza" magana ce da mai gyaran takarda zai tambaya: waɗanne?

Da'awar tasiri tana da matakan da ba a tsallakewa. A fara da shekarar da littafin farko ya fito. A nemo ko marubuci na biyu yana jin harshen, in ba ya ji, a nemo fassarar da ta kai gare shi da shekararta. A duba wasiƙu, ko littafin ajiyar tunani, ko jerin littattafan ɗakinsa. Sai a ƙarshe a koma cikin matanin a nuna sawun. Misalin da ya fi koyar da wannan shi ne Pushkin da Byron. Kowa ya san Byron ya yi tasiri a kan Pushkin, amma galibi cikin fassarar Faransanci ta zube Pushkin ya karanta shi. Saboda haka abin da ya ƙetara Rasha shi ne siffar tauraron, matashi mai girman kai da duniya ta gundure shi, da yadda ake tsinka labari a yi tsalle. Kiɗan baitin Ingilishi bai ƙetara ba. Ɗalibin da ya zauna yana kwatanta karin waƙar Byron da na Pushkin da sunan tasiri ya yi aikin banza, ko da kuwa ya yi shi da kyau. Idan ɗaya daga cikin matakan nan ya gagara, sai a sauke da'awar zuwa kamanci, a nemi dalilin kamancin a yanayin da marubutan biyu suka rayu.

Matan aure uku, hukunci uku

Zahiranci shi ne wurin da ya fi dacewa a koyi sana'ar, domin ya bar littattafai masu jigo ɗaya cikin harsuna da yawa. Madame Bovary na Flaubert ya fito a 1857, Anna Karenina na Tolstoy a 1878, Effi Briest na Fontane a 1895. Dukansu labarin matar aure ce da ta ci amanar aure, dukansu kuma sun ƙare da mutuwarta. Tambayar da ɗalibai ke fara kawowa ita ce yadda aka nuna mata a littattafan uku. Wannan tambaya ta yi faɗi, kuma amsarta ɗaya ce a ko'ina, an danne su, don haka ba ta raba komai. Tambaya mai ci ita ce: wace hukuma ce ta yanke wa kowace hukunci? Emma Bovary bashi ne ya kashe ta. Ɗan kasuwa Lheureux ya yi ta ba ta kaya tana sa hannu a takardu, har aka zo ƙwace kayan gida a kan faran 8,000, ta bi masoyanta ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya ba ta, ta sha guba. Mijinta bai ma san ta ci amanarsa ba sai bayan ta mutu. Anna kuwa kuɗi ba su ne damuwarta ba. Dokar saki da ke hannun coci, da ɗanta da aka raba ta da shi, da manyan Petersburg da suka rufe mata ƙofa amma suka bar ta a buɗe ga masoyinta Vronsky, su suka tura ta ƙarƙashin jirgin ƙasa. Effi, da aka aurar tana da shekara 17, laifinta ya riga ya wuce da fiye da shekara 6 lokacin da mijinta ya tsinci wasiƙun masoyinta. Shi da kansa ya yarda ba ya jin ƙiyayya, amma ƙa'idar mutunci ta manyan ma'aikatan Prussia ta sa ya harbe mutumin a fito-na-fito, ya kore ta. Da wannan tambaya, jigo ɗaya ya buɗe al'umma uku.

Bayan jigo sai salo, kuma a nan ake gane wanda ya karanta littafi da wanda ya karanta taƙaitawa. Akwai dabarar da Flaubert ya gyara ta zama makami, inda muryar mai ba da labari ke narkewa cikin tunanin tauraro ba tare da an ce "ta ce a ranta" ba. A Hausa bambancin haka yake. Hanya ta farko: Ta ce a ranta, "Ba zan ƙara komawa gidan nan ba." Hanya ta biyu: Ta tsaya bakin ƙofa. Ina! Ba za ta ƙara komawa gidan nan ba, ko da za a yanka ta. A ta biyun, lamirin na mai ba da labari ne, zafin kuwa nata ne, kuma babu alamar da ta nuna inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A shari'ar da aka yi wa Flaubert a kan Madame Bovary a farkon 1857, mai gabatar da ƙara Ernest Pinard ya karanta irin waɗannan jimloli kamar ra'ayin marubucin ne. An sallami Flaubert. A Agustan shekarar Pinard ɗin ya gurfanar da Baudelaire, aka ci shi tarar faran 300, aka cire waƙoƙi 6 daga diwaninsa, hukuncin da ba a soke ba sai 1949. Ya kamata ɗalibi ya tsaya kan babin bikin manoma a littafin Flaubert, inda Rodolphe ke zuba wa Emma daɗin baki a saman bene, a ƙasa kuma ana shelar kyaututtukan taki da na dabbobi, jimla ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa, marubucin bai ce uffan ba. Duk hukuncin yana cikin jerin jimlolin.

Mai son ganin yadda gwani ke kwatance ya karanta maƙalar Georg Lukács ta 1936 a kan bambancin ba da labari da siffantawa. Tseren doki biyu ya ɗauka, na cikin Nana na Zola da na cikin Anna Karenina. Zola ya zana filin tseren Faris da jama'arsa daga idon ɗan kallo, zane cikakke, amma ana iya cire shi labarin bai girgiza sosai ba. Tolstoy ya ba da tseren sau biyu, da farko daga kan sirdin Vronsky har ya karya bayan goɗiyarsa, sannan daga rumfar 'yan kallo, inda firgitar Anna ta tona ta a gaban mijinta, ta kai ta ga furta gaskiya a hanyar komawa gida. Ba dole a yarda da hukuncin Lukács a kan Zola ba, kuma da yawa ba su yarda ba. Abin koyi shi ne girman abin da ya ɗauka: fage ɗaya daga kowane littafi, abu ɗaya da ya haɗa su, sakamako mai faɗi. Haka Erich Auerbach ya gina Mimesis, wanda ya rubuta a Istanbul lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ba tare da babban laburare na adabin Turai a kusa ba, ya fito a 1946. Kowane babi da ɗan guntun matani yake farawa, babin ƙarshe kuma a kan wasu shafuka ne na Virginia Woolf inda wata uwa ke gwada safa a ƙafar ɗanta.

Zamananci ba sai an daɗe a kansa ba, domin littattafan koyarwa sun yi masa hidima, sai dai a kula da abu biyu. Na farko, sunan yana yaudara. Abin da masu Sifaniyanci ke kira da irin wannan suna motsi ne da ya fara da Rubén Darío a 1888, kuma ya fi kusa da waƙar Faransa ta ƙarshen ƙarni na 19. Na Brazil ya fara ne da makon fasaha na São Paulo a Fabrairun 1922, watan da Ulysses na Joyce ya fito a Faris, shekarar da Eliot ya fitar da The Waste Land, César Vallejo na Peru kuma ya fitar da Trilce. Na biyu, tambayar da ta fi haɗa littattafan wannan sashe ita ce lokaci. Joyce ya cika babi 18 da yini ɗaya, 16 ga Yunin 1904 a Dublin. Woolf ta yi Mrs Dalloway na 1925 a kan yini ɗaya a Landan, agogon Big Ben yana yanka tunanin mutane. Proust ya shimfiɗa tunawa cikin juzu'i 7 daga 1913 zuwa 1927. Ɗalibin da ya san arulli yana da wata ƙofa da abokan karatunsa ba su da ita: a 1947 a Bagadaza, Nazik al-Mala'ika da Badr Shakir al-Sayyab suka fasa baiti mai ɗango biyu da amsa-amo guda, suka riƙe ƙafar kari suna tsawaita layi ko gajarta shi yadda ma'ana ta nema. Wanda kunnensa ya saba da bahar, wato karin waƙar Larabci, zai ji girman wannan fashi fiye da mai karanta shi a fassara.

Inda gizo ke saƙa

Bayan-zamananci suna ɗaya ne da ake kiran abubuwa uku, kuma cakuɗa su shi ne kuskuren da ya fi yawa a takardun jarrabawa. Akwai shi a matsayin lokaci, wajen shekarun 1960 zuwa gaba. Akwai shi a matsayin salo, inda labari ke nuna wa mai karatu cewa shi ƙirƙira ne, yana aro a fili, yana wasa da tsarinsa. Akwai shi kuma a matsayin ra'i. Littafin Lyotard na 1979 rahoto ne a kan halin da ilimi ke ciki, wanda majalisar jami'o'in Quebec ta nema, kuma maganarsa ita ce mutane sun daina yarda da manyan labaran da ke alkawarin ci gaba ko 'yanci ga kowa. Da ƙyar ya taɓo ƙagaggen labari. Fredric Jameson, a maƙalarsa ta 1984, ya ɗauke shi a matsayin al'adar jari-hujja a matakinta na baya-bayan nan. Wanda ya ɗauko jimlar Lyotard ya manna wa littafi don kawai littafin na da labari cikin labari, ya haɗa abin da bai haɗu ba.

Dabarun ma ba sababbi ba ne. Calvino a 1979 ya rubuta littafin da tauraronsa shi ne "kai" mai karatu, kana fara labari 10 kowanne yana yankewa. Nabokov a 1962 ya yi Pale Fire, waƙa mai layi 999 da sharhin wani da ya sace ta ya mayar tarihin kansa. Amma Borges ya rubuta labarin mutumin da ya sake rubuta Don Quixote kalma da kalma tun 1939. A kashi na biyu na Don Quixote ɗin kansa, na 1615, akwai taurarin da suka karanta kashi na farko. Alfu Laila kuwa gaba ɗayansa labari ne cikin labari. Don haka ganin dabara bai isa hujja ba. Tambayar ita ce aikin me take yi a nan. Shahrazad tana jan labari don ta kai gobe da rai. Calvino yana yanke labari don ya nuna yadda kasuwar littafi da sha'awar mai karatu ke aiki. Haka kuma a yi hattara da jefa marubutan Afirka cikin wannan kwando. Kwame Anthony Appiah ya yi tambayar a 1991, ko "bayan" da ke cikin bayan-zamananci shi ne "bayan" da ke cikin bayan mulkin mallaka, ya yi amfani da littafin Yambo Ouologuem na Mali na 1968. Amsarsa ita ce sun yi kama a ƙin yarda da manyan labarai, amma na Afirka yana yin haka ne saboda wahalar mutane ta gaske. Tayeb Salih a Mausim al-Hijra ila al-Shamal na 1966 ya juya tafiyar Bature zuwa cikin Afirka da ke littafin Joseph Conrad, ya kai ɗan Sudan Landan, ya sa inuwar Othello na Shakespeare a bakinsa. Wannan ramuwa ce ga tarihi, kuma duk wanda ya kira ta wasa da matani kawai ya rage mata nauyi.

Batun fassara yana ratsa duk kwas ɗin. Shirye-shiryen digiri na uku a Amurka galibi suna neman harsuna biyu ko uku bayan Ingilishi. Wasu kwasa-kwasan digirin farko suna barin a karanta komai a fassara. Ko wanne ne, ƙa'idar ɗaya ce: daga fassara ana iya magana a kan zubi, da taurari, da jerin fage, da wanda ke ba da labari, amma ba a magana a kan zaɓin kalma, ko tsawon jimla, ko amo, sai an koma asali. Fassarorin adabin Rasha da ake samu kyauta a intanet da yawansu na Constance Garnett ne, wadda ta fassara Tolstoy da Dostoevsky da Turgenev da Chekhov. Ɗalibin da ya kwatanta salon jimlar Tolstoy da na Dostoevsky daga nan, hannun mace ɗaya yake kwatantawa da kansa. Mafita ga wanda bai ji harshen ba ita ce ya ɗauki sakin layin da zai yi nazari cikin fassara biyu daban, ya ja layi duk inda suka saɓa, ya nemi mai jin harshen ko ƙamus a kan waɗannan wuraren kawai, ya kuma rubuta sunan mai fassara da shekara a jikin aikinsa. Wani lokacin saɓanin shi ne abin nazarin. Georges Perec ya rubuta La Disparition a 1969 babu harafin e ko ɗaya. Mai fassara shi zuwa Ingilishi ya guji e shi ma, masu fassara shi zuwa Sifaniyanci kuwa a suka guje wa, ɗaya daga haruffan da suka fi yawa a rubutunsu. Mai son kawo shi Hausa, a ɗin zai sadaukar, kuma gwada jimla biyar a haka ya isa ya nuna masa abin da Perec ya ɗora wa kansa.

Yawan karatu shi ke kayar da mutane kafin ra'i ya kayar da su. Anna Karenina ko Middlemarch kowanne yana kai shafi 800 a bugun da aka saba gani. Mai cin shafi 25 a awa yana buƙatar awa 32, kuma jadawali mako biyu zai ba shi. Dole a fara manyan littattafan tun hutu, a bar gajeru irin na Kafka da waƙoƙi ga makonsu. Yayin karatu a riƙe takarda ɗaya ga kowane littafi, a rubuta lambar shafi da kalma uku duk inda aka ga abin da ya shafi tambayar kwas, ko kuɗi ne, ko agogo, ko wasiƙa, ko taga. Ranar rubuta jinga, wannan takarda ce za ta hana mutum komawa ya sake haƙa shafi 800.

Wajen rubutun, ɓarnar da aka fi yi ita ce a ba littafi na farko rabin takarda, na biyu ɗaya rabin, a haɗa su da sakin layi ɗaya a ƙarshe. Wannan taƙaitawa biyu ce aka ɗinka, kamar riga da wando na yadi daban. A maimakon haka a raba takardar bisa ɓangarorin tambayar, kowane sashe ya riƙe matanin biyu tare. Ga jinga mai kalma 2,500, fage biyu daga kowane littafi sun isa, da masani ɗaya ko biyu da za a yi gardama da su. A sakin layin farko a faɗi abin da ya haɗa matanin har kwatancen ya halatta, a kuma faɗi bambancin da za a tabbatar. Ra'i ya shigo ne bayan matani ya tayar da tambayar da shi kaɗai zai taimaka a amsa; idan aka fara da ra'i, littafi yakan koma misali kawai, kuma duk littafin da aka ɗauko amsa ɗaya zai bayar.

Ga mai jin Hausa da ke neman batun kundi a wannan fanni, akwai zare na gaske da ya taso daga makonnin farkon kwas ɗin. 'Yan'uwan Grimm sun fitar da juzu'in farko na tatsuniyoyinsu a 1812, cikin ruhin Romantisizim na neman ran al'umma a bakin talakawa, ko da yake da dama daga masu ba su labaran 'yan gidajen masu ilimi ne, kuma Wilhelm ya yi ta gyara matanin har bugu na bakwai a 1857. Wasu daga cikin labaran nan sun shigo Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya ƙarƙashin kulawar Rupert East, juzu'in farko ya fito a 1937, tare da wasu daga Alfu Laila da sauran tushe, duka a bakin aku. Faɗin cewa Imam ya yi aro tsohon zance ne, masana sun riga sun nuna shi. Aikin da ke da sauran wuri shi ne a ɗauki labari ɗaya tak, a jera matanin Jamusanci, da fassarar Ingilishi da ake samu a shekarun 1930, da na Imam, a bi su fage-fage: me aka cire, wane suna da wace sana'a aka sauya, ina aka shigo da sarki da alƙali da addu'a, kuma wane aiki labarin ke yi a daren da aku ya ba da shi don ya hana Musa ɗan sarki fita.